Inda Na Ƙarar da Sauran Ganina

Zuwa ga ƙanwata, Autarmu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo miki gaisuwa tun daga nan har can bayan teku inda aiki ya kai ki, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki da yaranku duka. Allah Ya kare ku daga ciwo da sharrin baƙunta, Ya sa albarka a neman da ya nisanta ki da mu, Ya jiƙan iyayenmu, Ya kai haske makwancinsu. Mu nan lafiya lau, irin lafiya lau ɗin masu shekaru. Gwaggo tana nan da ranta da bakinta, ƙafa ce kawai ta ƙi ta. Babban Yaya ya gama rufin ɗakin nan da ya shekara huɗu yana gamawa. Babbar 'yata ta koma bakin aiki bayan haihuwa, takwararki kuwa ta fara haƙori, duk wanda ya miƙa mata yatsa sai ya ji a jikinsa. Kada ki yi wa rubutuna dariya don ya yi manya-manya kamar na allon talla. Da alƙalami mai kaurin baki nake yi, a bakin taga da hantsi, in yi layi uku in huta, yau kwanana huɗu ke nan a kan wasiƙar.

Na san kina fushi da ni, kuma ba ni da bakin kare kaina. Wata biyar kika yi kina faɗi-tashi a kan takardun zuwana wurinki, har ofishin biza ya sa mini ranar da zan je a yi mini tambayoyi, ni kuma ban je ba, na aika miki cewa wani uzuri ne ya taso. Ba uzuri ba ne, Auta, tafiya na yi. Sabuwar ranar da suka ba ni sai nan da wata takwas, likita kuwa bai ba idona wata takwas ba. Kin san na hagu ya tafi tun bara. Na daman ma hawan jinin ido ya cinye shi gefe da gefe, ɗan tsakiya ne ya rage mini, kamar mai leƙe ta bututu. Abin da na saita a kai ina ganinsa tar, musamman da safe, amma abin da ke kusa da shi babu. Likitan bai ɓoye mini ba, ya ce maganin ɗigawa jinkiri kawai yake samo mana, in akwai abin da nake son gani in hanzarta, don nan gaba da idon wani zan riƙa gani. Abu biyu nake son gani a duniya, fuskarki da garin nan na kan dutse da mijina ya cika mana kunne da shi. Na zaɓi garin. Abin da na tarar a can ne nake so ki ji daga hannuna tun hannun yana da jagora.

Ke ma kin san garin a baki, don lokacin da kike 'yar makaranta a gidana kin sha ajiye littafi ki zauna saurare. Shekara ashirin da shida mijina, wanda har yau ba ki daina ce masa Direba ba, yana jan babbar mota zuwa ƙasar duwatsun nan ɗauko dankali da kabeji, sau biyu a wata, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Kwalbar zuma a jaka, labari a baki. Labarin titin shiga garin, itatuwa jere dama da hagu masu fure shunayya, in iska ta kaɗa sai furen ya rufe gilashin mota har sai ya tsaya ya share. Labarin maɓuɓɓuga mai baki uku da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ruwanta don sanyi har haƙori yake amsawa. Labarin tsohuwa mai amyar zuma arba'in da take kiransa ɗanta, ba ta barinsa ya tafi sai ta cika masa kwalba. Da bencin mai shayi a bakin gangare, inda mutum zai zauna da kofinsa gajimare na wucewa ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ni kuma ina kan keken ɗinki ina takawa, ina tambayarsa ko ganyen itatuwan irin koren atamfar da ke hannuna ne, shi kuma yana ba ni amsa ba ko gargada. Duk shekara sai ya ce baɗi zai kai ni. Yara suka zo, kuɗin makaranta ya zo, ciwon bayansa ya zo har ya ajiye tuƙi, baɗin dai ba ta zo ba, ni ma na gaji na daina tambaya.

Ranar da muka dawo daga wurin likita na sake tambaya. Ya ce to. Mijin babbar 'yata ya ce zai ba mu aron ƙaramar motarsa, amma a 'yan kwanakin da zai yi tafiyar aiki ne kawai take da sarari, farkonsu kuwa shi ne ya faɗo daidai kan ranar ofishinki. Ba zan ɗora wa Direba abin da bai yi ba, shi da kansa ya ce in fara zuwa ofishin, gari ba guduwa zai yi ba. Ni kuwa da jin haka sai na ji tsohuwar baɗin nan ce ta dawo da sabuwar riga, raina ya ɓaci, na ce masa in bai kai ni a makon nan ba kada ya ƙara ambata mini garin har ɗayanmu ya kwanta dama. Ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe. Da asubar ranar da ya kamata in kasance a layin ofishi riƙe da takardunki, shi ya ɗauki jakunkunanmu da hannunsa ya zuba a bayan mota.

Kin san tuƙinsa, mutumin da in ya ga mota a gabansa sai ya ji kamar zaginsa take yi. To a tafiyar nan kamar ƙwai ya ɗauko. Masu keke suna wuce mu suna waiwaye. Duk garin da muka shiga sai ya tsaya, wai a sha shayi, wai ya duba taya, wai inji ya huce, wai bayansa ya riƙe. Hanyar yini ɗaya muka kwana biyu a kanta, sai rana ta uku muka hango duwatsun. Yana buɗe mini ƙofa, yana riƙe hannuna in za mu tsallaka titi, yana fifita mini shayi kafin ya miƙo, abubuwan da rabona da su tun ina amarya. Ni kuwa sakarya zuciyata fari tas, ina cewa ashe sai da ido ya kusa tafiya zan samu miji. Ban san mutumin ja da baya yake yi da ƙafarsa a kan totur ba. Sau da yawa yakan tsaya a gefen hanya ya ce in dubi wata doguwar gada, ko garken shanu suna ƙetare kogi, ko wata gona da ya ce ta yi rawaya har ƙarshen gani. Na ƙi dubawa, Auta. Na sa baƙin tabarau na lumshe idona kusan duk tafiyar, wai ina tattalinsa, kada in gajiyar da shi a kan abin hanya kafin mu isa.

Wuri ɗaya kawai ya taka mota. A gindin dutsen akwai wani makeken fili cike da manyan motoci da buhuna da hayaniyar masu lodi, muna isowa ya sunkuyar da kai ya wuce fuu, ya ce wurin 'yan damfara ne yanzu. Daga nan hanya ta tsuke ta fara nannaɗewa, kwana bayan kwana, 'yar motar tana nishi. Na cire tabarau na ga faɗin hanyar ko jakuna biyu da kaya sai sun yi wa juna haƙuri, na tambaye shi yadda yake hawa nan da babbar mota. Ya ce a zamaninsu akwai wata hanyar ta baya. Sau biyu ya tsaya tambayar masu wucewa inda garin yake, ya ce mini an sauya mararraba. Da muka shiga na buɗe idona iya buɗewa ina neman shunayya. Dogayen itatuwan turare ne kawai, masu saɓaɓɓen ɓawo, ko fure ɗaya babu. Ya girgiza kai, ya ce kin ga aikin masu saran itace.

Masaukin da muka samu na wata mata ce mai jiki, mai fara'a, wadda mijinta yake noman dankali. Ɗaki ne mai gadon ƙarfe biyu, barguna uku masu warin hayaƙi, kaskon gawayi a tsakiya, da taga ɗaya da ke kallon bangon rumbun ajiya. Sanyi kuwa tun la'asar yake shiga ƙashi. Garin shiru, shirun da za ki ji fartanya ta doki dutse a gona ta uku. Mutanensa ba sa gaggawar komai, ko gaisuwa ce sai sun ajiye abin da ke kansu sun yi ta a tsanake, mu ma da muka zo, makauniya da mai ciwon baya, sai muka saje da su. Kullum da hantsi mu fito, hannuna a damtsensa, mu yi taku ashirin mu tsaya ya miƙe baya, mu ci gaba neman abubuwan da suka kawo ni.

Ranar farko maɓuɓɓuga muka nema. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana wani tankin siminti da famfo ɗaya a jikinsa, mata suna layi da jarkoki. Direba ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, ya ce hukuma ce ta toshe bakunan ukun ta yi wannan shirme. Rana ta biyu tsohuwa mai zuma. Babu wanda ya san ta, wani manomi ma ya ce shi tun tasowarsa ƙudan zuma ba sa zama a saman nan saboda iska da sanyi, zumar da suke sha daga ƙasa ake hawo da ita. Da muka bar wurin mijina ya ce yaron jiya ne, bai san komai ba, tsohuwar ta daɗe da rasuwa, mutane kuma ba su da riƙon alheri. Rana ta uku mai shayi. Muka same shi a cikin kasuwa, tsakanin injin niƙa da shagon taki, bencinsa yana fuskantar katanga. Abin da ya fi ƙona mini rai in na tuna, ni ce nake ba shi haƙuri. Ina shafa hannunsa ina cewa kada ya sa a ransa, haka duniya take, sun ɓata masa garinsa. Har kuka na taya shi a kan kabarin tsohuwar da ba a taɓa haifa ba.

Rana ta huɗu ranar kasuwa ce. Muna tsaye wurin masu karas sai wani dattijo mai farin gemu ya yar da sandarsa ya rungume Direba, yana kiransa Yanzu-Yanzu. Ya gaishe ni da mutunci, ya ce shi ne mai sikelin filin lodi na gindin dutse shekara talatin, yanzu ya ajiye aiki ya dawo gida. Sunan kuwa su suka laƙaba masa, don duk lokacin da aka ce ya zo a hau gari sai ya ce yanzu-yanzu zai juya. Yana dariya har da hawaye yake gaya mini cewa lallai ni ba ƙaramar mace ba ce, tunda na yi abin da su duka suka kasa. Shekara ashirin da shida suna roƙon mutumin nan ya hau ko sau ɗaya ya ga inda dankalinsa yake fitowa, tafiyar rabin awa a ƙaramar motar kaya, amma ko da wasa bai taɓa ba. A cikin motarsa yake kwana har a gama lodi, ya sayi kwalbar zumarsa a bakin fili, ya juya. Babbar mota ba ta taɓa hawa dutsen nan ba tun da aka fasa hanyar, wata hanyar baya kuma babu ita. Bawan Allah bai san abin da yake yi ba, murna yake. Na ji damtsen da nake riƙe da shi ya saki kamar tsumma. Ni kuwa na yi ta maza, na taya dattijon dariya, na gode masa, har na tambayi iyalinsa.

Muka koma ɗaki. Ya zauna a bakin gadonsa, na zauna a bakin nawa, kasko a tsakaninmu ba wuta. Na saita ɗan ganina a kan fuskarsa, na ce ya faɗa mini daga ina ya samo garin da na shekara ashirin da shida ina zaune a cikinsa. Ya ce daga kalanda. A ɗakin mai sikeli akwai wata tsohuwar kalanda a bango mai hoton itatuwa masu fure shunayya, ko ƙasar da aka ɗauki hoton bai sani ba. Ya tuna mini shekarar da muka binne ɗanmu na fari yana da kwana tara, lokacin ke kina ƙarama ba za ki riƙe ba. Na juya fuska ga bango, ba ci ba magana, mako uku. Ya ce ya dawo daga tafiya ya tsaya a kaina bai san me zai ce ba, sai bakinsa ya kama ba ni labarin itatuwan nan kamar ya gan su. Wai sai na juyo na tambaye shi shunayyar mai duhu ce ko mai haske, kuma ita ce maganata ta farko. Daga ranar ya kasa dainawa. Kowace tafiya yakan zauna a mota yana jiran lodi yana ƙera abin da zai kawo mini. Da farko ƙyuya ce ta hana shi hawa, daga baya tsoro, don ya san in ya ga garin gaskiya bakinsa ba zai ƙara iya ba ni wancan ba.

Na saurare shi har ya gama, kuma wallahi ban ji zai yi mini wuya in yafe shekara ashirin da shidan nan ba. Na gaya masa haka. Na ce na yafe kalanda, na yafe tsohuwa da amyarta arba'in, na yafe zumar bakin fili, ai zuma ce na sha. Safiya ɗaya ce ba zan yafe ba, safiyar da ya ɗauki jakata ya sa a mota alhali ya san ranar mece ce, ya san abin da likita ya ce, ya san ƙanwata tana can tana gyara mini ɗaki. Magana ɗaya ce a bakinsa, in yi fushin mako guda, in je ofishi, in ga fuskarki. Ya gwammace in ƙarar da idona a kan tankin siminti da a ce ya ji kunyar minti biyar. Ya ce ya yi ta fatan ko Allah zai sa garin ya yi kama da abin da ya faɗa, ko da kaɗan ne. Na ce masa da idona ya yi cacar, ba da nasa ba. Rabonmu da mu ɗaga wa juna murya na manta, ranar ma ba mu ɗaga ba, ƙasa-ƙasa muka yi ta don kada matar masauki ta ji.

Washegari na bar shi a ɗaki na bi matar masaukin zuwa rumbun da suke tsince dankali. Mata kusan goma zaune a kan buhuna, tulin dankali a tsakiya, suna rabawa kashi uku, na kasuwa, na iri, da na gida, hannu na aiki ido na kan mai magana. Suka matsa mini wuri. Kafin azahar na fi wasunsu sauri, ai yatsun da suka shekara arba'in suna bambance yadi da yadi ba za su kasa dankali ba, har wata ta ce in mijina ya gaji da ni su suna so. Da muka fito shan iska na tsaya a ƙofar rumbun na dubi gangaren a karo na farko ba tare da ina neman wani abu ba. Gonaki ne hawa-hawa kamar matakala, kowace da katangar duwatsu da aka jera da hannu, ƙasar ja wur. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan bututuna na ƙirga kore iri bakwai, uku a ciki ban taɓa samun zarensu a kasuwa ba. Gajimare ma ya zo, ba ta ƙarƙashin ƙafa ba, ta cikin lungu ya biyo ya jiƙa mana mayafai ya wuce, matan ko ɗaga kai ba su yi ba. Garin yana da kyaunsa, Auta, kyau na talaka mai aiki, kuma da shi aka ba ni labari tun farko da na so shi haka nan. Kwana uku na yi ina ratsa shi ina hararar duk abin da ke gabana don ba shi na zo gani ba. Yini ɗaya tak na samu da garin gaskiya, shi ma rabinsa hawaye ya cinye.

Da yamma na dawo na tarar ya hura gawayi ya ɗora ruwan zafi. Ya durƙusa a gabana da wannan bayan nasa, abin da bai taɓa yi ba, ya rantse cewa daga yau ba zai ƙara mini ko ƙwayar gishiri a magana ba. Ya ce shi ne idona nan gaba, abin da ke nan shi zai faɗa, mai kyau ko mummuna. Na so in yarda, don ba ni da wani zaɓi. Yara kowa na gidansa. Shi zai gaya mini in rigata ta yi tabo, shi zai karanta mini takardar magani, shi zai ce mini jikata ta yi kama da wane, shi zai gaya mini ko likita ya girgiza kai. Na ce masa ya tashi, na ji.

Ba zan ɓoye miki ba, da safen da za mu taho gwada shi na yi. Bai san da safe ganina yana washewa ba, ban taɓa gaya masa ba, shi a zatonsa tun kukan kwanakin nan inuwa-inuwa kawai nake gani. Yana ɗaure kaya ni ina tsaye a bayan masaukin, jikin wani shingen waya. Na saita idona ta cikin shingen, na ga juji ne. Tulin ruɓaɓɓen ganyen kabeji, wani baro da ba ƙafa an kifar da shi, da wani ramammen jaki mai gyambo a gadon baya yana tsintar abin da zai ci, ƙudaje na binsa. Na kira shi na ce ina jin motsi a bayan shingen nan, mene ne a wurin. Ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya daɗe yana kallo, ni kuma a raina ina roƙon Allah Ya sa ya ce juji. Sai ya sassauta murya, wannan muryar dai da na sani, ya ce ɗan lambun matar masauki ne, furanni ja da rawaya, raɓa ba ta gama bushewa a kansu ba, ga wani ɗan maraƙi yana kiwo a gefe. Ko awa goma sha biyar ba a yi da rantsuwar ba. Na tsaya ina kallon gyambon jakin, na ce masa lallai wurin ya yi kyau. Ya ji daɗi, ya riƙe hannuna ya kai ni mota. A yini ɗaya muka iso gida.

Yau mako uku ke nan. Sau huɗu a rana yake ɗiga mini magani, bai taɓa saɓa lokaci ba. Ya kwashe kujerun da nake tuntuɓe da su, ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki, yana koyon dafa shayi ba tare da ya ƙona tukunya ba. Yara suna ta sa masa albarka, suna cewa Baba ya cika alkawari, ni kuma in suka tambaye ni yadda garin yake sai in ce yadda ya faɗa. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi, sai in tsane shi in huta. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ba zai iya ganin abu mara daɗi ya miƙo mini shi yadda yake ba, kuma a hannunsa zan ƙarasa rayuwata. Jiya bututun ya ƙara tsukewa, na tambaye shi abin da likita ya ce masa a keɓe bayan na fito, ya ce wai an ga alamar sauƙi. Ban san ko an gani ba, kuma ba ni da hanyar sani. Wannan ne yake hana ni sukuni, fiye da duhun kansa.

Ki yafe mini wahalar da na sa ki a banza, ki yafe mini ɗakin da kika gyara. Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce na gode da ɗawainiyar takardu, Allah Ya saka masa. Ki gaishe da babban ɗanki mai sunan Baba, da 'yan biyu, da 'yar autarki da ban taɓa ɗauka ba. Gwaggo tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko a can ba a sayar da man zafi ne. Babban Yaya da iyalinsa, da babbar 'yata da mijinta, duk suna miƙo gaisuwa. Direba ma ya ce in gaishe ki, yana zaton labarin daɗin tafiya nake rubuta miki. Roƙona ɗaya, in za ki ba ni amsa, ko faɗa ne ko zagi, ki kira ni in ji da kunnena. Kada ki rubuto, Auta. Kafin takardarki ta iso shi zai karanta mini, kuma ko me kika sa a ciki, na san wasiƙa mai daɗi zan ji.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki mai ɗinki